Goran Ɗanmusa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban taro, wanda yar raɗa mani in taƙaita, Allah shi ba shi haƙuri. Wakilin mai martaba da hakimai da dagatai. Malam liman da sauran malamanmu. Manyan baƙi da sunka taso tun daga Sakkwato cikin motoci masu baƙin gilashi. 'Yan'uwanmu na Isa, waɗanda duk sadda anka haifi abin kirki a Sabon Birni sai su tuna kakarsa tasu ce. Shugabannin ƙungiyoyin guragu da makafi da kurame, waɗanda yau anka ba kujerun gaba ƙarƙashin rumfa, abin da ban taɓa gani ba tun da nike zuwa taro. Iyayena mata da ƙannena da ke can baya cikin rana kamar kullum. Jama'ar Gobir baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hajo, malamar firamare ce ni da ta aje alli. Rabin masu manyan riguna da ke zaune nan na taɓa sa su durƙuso a bakin aji, don haka ban jin nauyin kowa. Ni nir reni Fadima, wadda munka taru yau mu yi wa bankwana, wadda gobe in Allah ya kai mu za ta hau mota zuwa Sakkwato, ta wuce sansanin horo, daga can ta hau jirgi zuwa gasar duniya ta ɗaga ƙarfe. Ubanta kuwa, Ɗanmusa na Gatawa, tsohon ɗan kokawa, ga shi can layi na biyu ya sadda kai kamar bai san wa ake magana a kai ba. Uwata da ubansa ciki ɗaya sunka fito, wato taubashina ne. Ina son a riƙe wannan, don abin da za ni faɗa mai yau, in wani yaf faɗa, sai an raba faɗa.

Ina godiya ga Allah da yan nuna muna wannan rana. Ina godiya ga waɗanda sunka shirya taro, da waɗanda sunka kawo kujeru, da waɗanda sunka zo don a ɗauke su hoto kusa da Fadima, don su ma zuwansu ya ƙara yawan mutane. Godiya ta musamman ga mai horar da ita, Malam Nasiruddeen, mutumin Isa mai tafiya da sanda biyu, wanda yag gan ta a makarantar da anka sauke mu sadda 'yan bindiga sunka tashe mu daga Gatawa, tana ɗora jarkokin ruwa bisa kekenta na guragu da hannu ɗaya tana hira da ɗayan. Kowa na wucewa yana faɗin Allah sarki. Shi kaɗai yat tsaya yac ce, ke, ƙara ɗaga waccan in gani.

Magana uku gare ni, biyu gajeru, ɗaya mai tsawo.

Ta farko, a daina cewa Fadima za ta tafi neman taimako ƙasar waje. Na ji wannan a kasuwa, na ji shi a gidan suna, na ji shi a bakin wata da taz zo taya ni murna tac ce, ai gara, ko Turawa sun gyara mata ƙafa. Jama'a, ƙafar Fadima shan inna ya gama da ita tun tana rarrafe, ba gyaranta za a je yi ba. Kwanciya take yi rigingine bisa benci, a ɗaure mata ƙafafu da maɗauri, a sauko mata da dogon ƙarfe mai faifai dama da hagu, wanda nauyinsa ya fi buhun gero cikakke, ta sauke shi bisa ƙirjinta, ta tsayar da shi cik, sannan ta tura shi sama har hannuwanta su miƙe, alƙalai na kallo, in ya karkace ko kaɗan su ce ba ta ci ba. Ina ganin matasa a nan gaba, masu ƙafa bibbiyu, waɗanda in anka ce su sauke buhu daga amalanke sai su nemi abokin kamawa. Ita haka take yi safe da yamma, shekara da shekaru, tafin hannunta ya yi kanta har allura ba ta shiga, kafaɗarta ta taɓa gocewa ta koma, kuma da haka tak kada duk mata masu nauyinta a ƙasar nan. Ƙasa ce ke aika ta, kuma taken ƙasa za a kaɗa in ta ci.

Ta biyu, don Allah a tsayar da kwanuka. Tun da labari yaf fita, gidana ya koma kamar gidan biki. Wannan ta aiko fura, wannan ta aiko dambu, wannan tuwon dawa da man shanu na yawo bisa, kowa na cewa yarinya ta rame, a ba ta ta yi ƙarfi. Su can auna mutum suke yi bisa sikeli kafin shi taɓa ƙarfe, kowa da ajinsa, in ta haura ajinta ko da nauyin loma ɗaya ne, ta fita. Abincinta a ƙayyade yake. Duk abin da kunka aiko ni ke cinye shi, ga shaida nan kuna gani, zanen da niɗ ɗaura bara ya daina zagaye ni. Allah shi saka da alheri, amma a tausaya mani.

To, mai girma shugaban taro, ka daina duba agogo, yanzu nike shiga maganar da tat tsayar da ni.

Kun san al'adarmu. Fadima ɗiyar fari ce, ɗiyar fari kuwa uba bai faɗin sunanta, bai wasa da ita, bai nuna ya san tana gidan. Shi ya sa anka ba ni ita tun tana goye. Tun daga ranar har yau, ban taɓa jin sunan yarinyar nan a bakin Ɗanmusa ba. Ɗiyar Hajo yake ce mata. In ta gaishe shi, bango yake amsa mawa. Ranar da tac ci gasar ƙasa, samari sunka kai mai waya a majalisa don shi ga hoton, yak kau da kai yac ce mi za shi gani. Washegari sai ga shi ƙofar gidana wai ya zo aron gatari, mutumin da ke da gatari har biyu. Yat tsaya yana kallon akuyata, can yac ce, "Hajo, ƙarfen nan da anka ce, da gaske ya kai buhu?" Nic ce ya fi. Yac ce, "Hm." Yat tafi bai ɗauki gatarin ba.

Ku da ke da shekaru kun san Ɗanmusa a fage. Kun san shi daga nan har Maraɗi da Madawa, kun san yadda in makaɗa sunka taɓa takensa mata ke leƙe ta katanga, ni kaina na leƙa, ko da yake dariya nike zuwa yi. Kun kuma san gidansu na da gora. Jiƙo ne na saiwoyi da sassaƙe, kakanmu yab bar wa ubansa, ubansa yab bar mai, kuma duk ɗan kokawar gidan sai ya sha kafin babban karo. Dokarsa uku: ba a zubar da shi ƙasa, ba a ba wanda ba jinin gidan ba, ba a mayar wa wanda yaj jiƙa. Allah ya ba Ɗanmusa 'ya'ya maza, Allah shi raya su, ɗaya na sayar da katin waya, ɗaya tela ne, ɗaya in kaza ta yi fiffike sai ya kauce. Goran nan ya daɗe rataye a bango, gizo-gizo ya yi gida a bakinsa.

Da anka ce Fadima za ta gasar duniya, tsohon nan yas saɓa fartanya da sassafe yaf fita, bai gaya wa kowa ba. Yab bi bakin gulbi yay yi wajen Alkalawa, cikin dajin da yau ko mai bindiga a kafaɗa bai shiga shi kaɗai, dajin da yac cinye muna mutane da shanu, dajin da yar raba mu da Gatawa. Munka yini muna cigiya, uwar Fadima ta fara kuka. Sai la'asar ga shi ya dawo, ƙafa duk ƙaya, da ƙunshin saiwoyi cikin riga. Yaw wanke goran, yaj jiƙa, yak kawo mani, yac ce, "Ba ɗiyarki. Ta sha kamin ta hau mota."

Jama'a, ni taubashiyarsa ce, aikina ne in yi mai dariya, amma ranar ban iya ba. Mutumin da bakinsa bai iya faɗin sunan ɗiyarsa ba, ya shiga dajin mutuwa don shi ce mata ke ce magajiyata. Abin ya taɓa ni ƙwarai, kuma har yanzu in na tuna sai idona ya kawo ruwa.

Sai dai ga inda matsalar take. A wannan gasa akwai masu gwaji. Kafin wasa, bayan wasa, ko ranar da sunka ga dama, mace za ta zo da 'yar kwalba ta bi Fadima har makewayi, ta tsaya tana kallo, ku yi haƙuri malam liman, haka abin yake. Su kai fitsarin ɗakin bincike, su nemi duk wani abu mai ƙara ƙarfi da dokarsu ta hana. In sun samu, ba su tambayar wa yab ba ki, ba su tambayar ko da kyakkyawar niyya ne, ba su san wani abu taubashi ko kakan kaka ba. A jikinki anka gani, ke ce mai laifi. Su ƙwace lambar in kin ci, su dakatar da ke shekaru, su buga sunanki da na ƙasarki a ce kin yi maguɗi. Abin da ke cikin goran nan kuwa, ba Nasiruddeen ba, ba likitarsu ta sansani ba, shi kansa mai jiƙawar bai san mi ke cikin saiwoyin ba ban da ɗaci. Watakila babu komai, watakila akwai, kuma ba a gane wa sai bayan an sha.

Nasiruddeen yaj je yay yi mai bayani da ladabi. Ɗanmusa yad dube shi sama da ƙasa yac ce, "Kai wa kat taɓa kayarwa?" Likitarsu, wata Bayarba, tak kira ta waya, da taj ji Bagobiri ne sai taf fara da cewa bawanta ne, shi ko yac ce ba a haifi Bayarben da za shi koya mai magani ba, sunka ɓata katin waya wajen wasan kakanni, ba a taɓa maganar ba. Ni nij je da kaina. Yac ce mani, "Hajo, na'urar Nasara ba ta ganin maganin Gobir. Ubana ya sha, ni na sha, wa yak kama mu?" Nic ce, Ɗanmusa, a fagen Madawa wa ke bin ka bayan gida da kwalba? Yat tashi yab bar mani tabarmar.

Duk wannan da sauƙi, da ba don abin da Fadima tag gaya mani shekaranjiya ba. Na same ta a tsakar gida, goran na rataye a ƙofar ɗakina tana kallonsa. Tac ce, "Gwaggo, in Baba bai janye ba, sha za ni yi." Nic ce kin haukace? Tac ce, "Tun da anka haife ni bai taɓa miƙo mani komai da sunan nawa ba sai wannan. Gara su kore ni can da in ƙi shi nan." Kuma kun san jinin gidan, in ta faɗa ta gama. Kwanakin nan ƙarfen da da take ɗagawa tana murmushi ya fara gagarar ta. Nasiruddeen yac ce jikinta lafiya lau, kanta ne ya rabu biyu. Mota kuwa gobe ce.

Shi ya sa nik kawo maganar nan gaban jama'a. Na san taubashina tun muna cin ƙasa, bai taɓa yarda an kada shi a cikin ɗaki ba, sai a fili, gaban mutane, inda kowa ya ga bayansa ya taɓa ƙasa. To ga fili, ga mutane, ga kuma goran, tun ɗazu yana cikin mayafina, masu zaton jaka ce su yi haƙuri.

Doka ta ce ba a zubarwa, ba za ni zubar ba. Doka ta ce ba a mayar wa mai jiƙawa, ba za ni mayar ba. Doka ta ce sai jinin gidan. Ɗanmusa, kakan da yaf fara jiƙa wannan abu kakanka ne, kakana ne, in ka musa ka tashi ka faɗa gaban liman. Ba ka tashi ba. To bismillahi.

Wayyo Allah. Jama'a, a ba ni ruwa. Wannan shi ne abin da kuke sha kuna cika baki? Ashe ɗaci ne ke sa ku kada mutane, don ku gama ku je ku kurkure baki. Ku dakata, saura kaɗan a gindi, ba a barin saura.

Alhamdu lillahi. Ga shi na kifa, ko ɗigo babu. Daga yau duk mai sayar da tumatir da yat tsawwala mani a kasuwa, ya san da wa yake magana. Fadima, babu sauran abin da za ki sha, kuma ba ki ƙi kyautar ubanki ba, gwaggonki ce tay yi miki kwaɗayi, duk gari shaida ne.

Amma Ɗanmusa, ban gama da kai ba, don na shanye abin da kab ba ta, yanzu hannunta wofi yake, kuma ba za ta bar garin nan hannu wofi daga wurin ubanta ba.

Bari in gaya muku wani abu daga cikin horonsu, wanda ba na damtse ba. In anka kira sunan 'yar wasa, anka tura kekenta bakin benci, anka kwantar da ita, ba ta ganin jama'a, ba ta ganin mai horar da ita, rufin ɗaki kawai take gani da ƙarfen da ke bisa fuskarta. A wannan ɗan lokaci, kafin ta kama, kowa da muryar da ke zo mai cikin kai. Ana koya musu su zaɓi murya ɗaya su riƙe, su yi ta maimaita ta a horo har ta zauna, don ranar gasa ita za ta danne tsoro. Wata muryar uwarta ce, wata ta ɗanta. Nit tambayi Fadima, ke wa kike ji? Tac ce, "Gwaggo, Allah sarki nike ji." Muryarmu ke nan, mutanen Gobir. Ita munka yi ta zuba mata a kunne tun tana jan jiki a ƙofar gida, a bakin rijiya, a hanyar makaranta, da tausayi munka yi, kuma ita ke bin ta har ƙarƙashin ƙarfe. Da wannan muryar tak kada ƙasar nan kaf. Ina son ku yi tunanin abin da za ta yi in anka ba ta wata.

Tac ce mani ba ta taɓa jin kirarin ubanta daga bakinsa ba. Sadda yake kokawa ita tana gida, fage da nisa, ba mai ɗaukar ta. A bakin mutane take jin guntu-guntu, wannan ya faɗi farko, wannan ya faɗi ƙarshe, kowa na ce mata ubanki in ya ɗaga hannu ya yi kirari ƙasa girgiza take yi.

Ɗanmusa, ban ce ka faɗi sunanta ba. Riƙe kunyarka, ta gado ce, ba ni raba ka da ita. Kirarinka nike so, wanda kake yi in ka shiga fage, tun daga farkonsa har ƙarshe, da muryar da Allah ya bar maka, kana fuskantar keken can. Kirari bai ƙara nauyi bisa sikeli, kuma duk na'urar da ke duniya ba ta samo shi a cikin kwalba. Nasiruddeen ya riga ya kunna waya za shi naɗa, ta tafi da shi, ta ji shi safe da yamma har shi kori waccan muryar. Kai kac ce ita ce magajiya sadda kash shiga daji, to ka faɗa inda za ta ji.

Kana iya tunani kafin in gama addu'a, amma ka sani addu'ata ba ta da tsawo.

Allah shi kai Fadima lafiya, shi dawo muna da ita lafiya. Allah shi ƙarfafa hannunta, shi natsar da zuciyarta, shi daidaita mata ƙarfen nan dama da hagu. In da rabo Allah shi ba ta zinare, in babu shi ba ta dawowa da mutuncinta, sunanta tsab. Allah shi saka wa Malam Nasiruddeen, shi ba sauran yaran da yake horarwa irin wannan rana. Allah shi kawo muna ƙarshen abin da ke cikin dajin nan, shi mayar da mutanen Gatawa gonakinsu, shi jiƙan waɗanda munka rasa. Allah shi mayar da baƙinmu gidajensu lafiya, na Sakkwato da na Isa. Ni kuma Allah shi sa abin da nish sha shi zauna lafiya, don na fara jin cikina yana magana.

Ku da ke layi na biyu, ku ja kujerunku ku ba Ɗanmusa hanya, ba ku ga ya tuɓe babbar riga ba? Shugaban taro, miƙa mai lasifikar. Ya ce bai so, wai bai taɓa kirari da na'ura ba.

Fadima, ɗaga kanki, yau ba ranar sunkuyawa ba ce. Ga ubanki nan tafe, ki buɗe kunne da kyau.

Na gode.